BABI NA BIYU: TAMBUWAL DA KEBBE A CIKIN JERIN WURAREN TARIHIN NIJERIYA

2.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan dalilin gudanar da wannan bincike da farfajiyarsa da kuma hanyoyin da aka bi wajen tattara bayanai. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin duba matsayin ƙasar Tambuwal da Kebbe idan aka jera ta da sauran wuraren da Nijeriya ke alfahari da su. Tambayar da babin zai amsa ita ce: me ya sa yankin da ya taka muhimmiyar rawa a tarihin Daular Usmaniyya ba ya fitowa a duk lokacin da ake lissafa wuraren tarihin ƙasar nan? Domin amsa wannan tambaya, za a fara da nazarin ma'aunin da ake auna shaharar wuri da shi, sannan a bi tarihin yankin tun kafin jihadi har zuwa siyasar zamani.

2.1 Ma'aunin Shahara a Nijeriya

Nijeriya babbar ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 923,768, kuma ita ce ta fi kowace ƙasa yawan jama'a a nahiyar Afirka. Idan aka lura da yadda ake gabatar da wuraren tarihinta a makarantu da kafafen yaɗa labarai, za a ga cewa kalma ɗaya ce ke maimaita kanta, wato kalmar "mafi". Tsaunin Chappal Waddi da ke Jihar Taraba shi ne mafi tsawo, domin ya kai mita 2,419. Kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya gano a shekarar 1987 yana cikin haƙar rijiya, a yankin da ke cikin Jihar Yobe a yau, shi ne mafi daɗewa da aka taɓa samu a Afirka, don masana sun ƙiyasta shekarunsa da kimanin 8,000. Gadar nan ta uku da ke Legas, wadda aka kammala a 1990, tsawonta kilomita 11.8 ne, kuma ta riƙe kambin gada mafi tsawo a Afirka na wasu 'yan shekaru. Dutsen Zuma kuwa shahararsa ta kai har aka buga hotonsa a takardar naira ɗari.

Haka abin yake a maƙwabtan Tambuwal. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, an fi tuna shi da girman kifin da aka kama, kamar wanda aka fitar a 2005 mai nauyin kilo 75. A shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun duniya. Amma kaɗan ne suke tuna cewa ainihin ma'anar wannan ziyara ita ce sulhu tsakanin gidaje biyu da suka shafe shekaru masu yawa suna gaba.

Wannan ma'auni yana da rauni iri biyu. Na farko, kambin "mafi" ba ya daɗewa a hannu ɗaya. Misali, a watan Mayun 2023 Hilda Baci ta shiga kundin bajinta na Guinness bayan ta yi sa'o'i 93 da minti 11 tana girki a Legas, amma shekarar ba ta ƙare ba sai da wani ɗan ƙasar Ailan ya karɓe kambin. Na biyu, akwai wuraren da muhimmancinsu ba ya aunuwa da tsawo ko nauyi, sai dai da irin aikin da suka yi wa jama'a a wani zamani. Ra'ayin wannan bincike shi ne Tambuwal da Kebbe suna cikin wannan rukuni na biyu.

2.2 Yanayin Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe suna kudu maso yammacin Jihar Sakkwato. Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Jega, kuma tazararsa da Sakkwato ta kai kimanin kilomita 100. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar Tambuwal tana da mutane kimanin 225,000, ita kuwa Kebbe kimanin 125,000. Sai dai ta fuskar faɗin ƙasa Kebbe ce a gaba, domin tana da murabba'in kilomita kusan 2,600, alhali Tambuwal tana da kusan 1,700. Ke nan ƙasar Kebbe ta fi faɗi amma ta fi ƙarancin jama'a, abin da ya sa dazuzzuka da wuraren kiwo suka fi yawa a cikinta. Daga cikin garuruwan Tambuwal akwai Dogon Daji da Jabo da Sanyinna da Alasan da Romon Sarki. A Kebbe kuwa akwai Kuchi da Margai da Girkau da Ungushi da Sangi. Noma da kiwo su ne manyan sana'o'in jama'a.

Akwai abubuwa biyu masu ɗaure kai game da taswirar yankin. Na ɗaya, garin Tambuwal ya fi kusa da garin Gwandu nesa ba kusa ba a kan Sakkwato, don tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kilomita 20 ba, amma duk da haka Tambuwal Sakkwato take bi. Na biyu, Kebbe ba ta cikin Jihar Kebbi, ko da yake baƙi sukan rikita sunayen biyu. Ita ce ƙaramar hukumar da ta fi kowace nausawa kudu a Jihar Sakkwato, inda ta shige tsakanin Jihar Kebbi da Jihar Zamfara kamar wutsiya. Wannan siffa ta samu ne bayan da aka cire Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta 1991, aka kuma cire Zamfara a ranar 1 ga Oktoba 1996. Saboda haka yankin da a da yake can cikin jiha ya wayi gari a bakin iyaka. Kamar yadda za a gani a nan gaba, zaman bakin iyaka ba sabon abu ba ne ga wannan ƙasa.

2.3 Yankin Kafin Jihadi

Kafin ƙarni na 19, ƙasar da ake magana a kanta tana tsakanin manyan dauloli biyu ne, wato Kabi daga yamma da Zamfara daga gabas. Daular Kabi ta bunƙasa ne a farkon ƙarni na 16 a ƙarƙashin Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga Askiya na Songhai ya kafa birninsa a Surame. Ita kuwa Zamfara ƙarfinta ya karye a wajajen 1760, lokacin da Gobirawa a ƙarƙashin Sarki Babari suka ci babban birninta suka kafa Alƙalawa. Wannan ya sa Zamfarawa da yawa suka watsu zuwa kudu. Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi ya nufi Jega, ya zama hanyar da ke haɗa waɗannan al'ummomi ta fuskar fatauci da auratayya.

Bugu da ƙari, wutar da ta haifar da jihadi a kusa da wannan yanki ta fara kamawa. Malam Abdussalami, ɗaya daga cikin almajiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya bar ƙasar Gobir ya zauna a Gimbana ta ƙasar Kabi. A ƙarshen shekarar 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta kai wa Gimbana hari ta kwashi kamammu. Da aka biyo da su ta kusa da Ɗagel sai jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan lamari yana cikin abubuwan da suka jawo hijirar Shehu zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Bayan nasarar Tafkin Kwatto a watan Yunin wannan shekara, da kuma wahalar da aka sha a Tsuntsuwa, jama'a ta koma Sabon Gari ta ƙasar Zamfara. Daga nan ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranci yaƙin da aka ci Birnin Kabi a watan Afrilun 1805, sannan jama'a ta koma Gwandu a cikin shekarar. Tun daga wannan lokaci ƙasar da ke kudu da Gwandu ta zama wurin da tilas masu jihadi su tsare, domin duk wanda ya riƙe ta ya riƙe hanyar da ke tsakanin Gwandu da Zamfara.

2.4 Buhari ɗan Shehu da Ribaɗin Tambuwal

Ba a iya maganar tarihin Tambuwal ba tare da an ambaci Muhammadu Buhari ɗan Shehu ba. An haife shi a wajajen 1785, ya yi karatu a wurin mahaifinsa da kuma baffansa Malam Abdullahi, wanda ya shaƙu da shi ƙwarai. Buhari malami ne, jarumi ne, kuma ya yi fice wajen tsara waƙoƙin Larabci. A lokacin da Shehu yake zaune a Sifawa, wajajen 1812, ya raba ɗawainiyar tafiyar da daula, inda ya ba Muhammadu Bello gabas, Malam Abdullahi yamma, Aliyu Jedo arewa, sannan ya damƙa kudu a hannun Buhari da Abdussalami. Daga baya Buhari ya zauna a Tambuwal, kuma daga gare shi ne gidan sarautar garin ya samo asali.

Domin a fahimci matsayin Tambuwal, wajibi ne a fahimci ma'anar ribaɗi. Ribaɗi gari ne mai ganuwa da ake kafawa a bakin daga, a zaunar da mayaƙa da malamai da manoma a cikinsa, a ɗora wani daga cikin manyan gida ya shugabance su. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ne ya ƙarfafa wannan tsari, har shi da kansa ya zauna a ribaɗin Wurno inda ya rasu a 1837. Murray Last ya yi bayanin wannan tsari a littafinsa kan Daular Sakkwato wanda aka buga a 1967. Hikimar ribaɗi ita ce a haɗa tsaro da zaunar da jama'a wuri ɗaya, ta yadda makiyayan da suka saba yawo za su zama mazauna gari, masu gona da makaranta da masallacin Juma'a. Wannan ya bayyana abin ɗaure kan da aka ambata a 2.2. Tambuwal tana bakin ƙofar Gwandu domin ta kare ta, amma da yake ɗan Shehu ne a kanta, alaƙarta ta jini da Sakkwato take.

Ayyukan Buhari ba su tsaya a Tambuwal ba. A zamanin Sarkin Gwandu Ibrahim Halilu, wanda ya yi sarauta daga 1833 zuwa 1858, Ilori ta nemi gudummawa saboda taron dangin da Oyo da Bargu suka yi mata. Buhari yana cikin waɗanda suka jagoranci rundunar da Gwandu ta aika. A wannan yaƙi, wanda aka gwabza a tsakiyar shekarun 1830, aka kashe Alafin Oluewu, kuma daga nan tsohon birnin Oyo ya zama kufai. Wannan yana nuna cewa wani mutum da ke zaune a Tambuwal yana da hannu a ɗaya daga cikin manyan sauye-sauyen da suka faru a tarihin ƙasar Yarbawa. Buhari ya rasu a wajajen 1840, kuma 'yar'uwarsa Nana Asma'u ta yi masa marsiyya.

2.5 Zamanin Tawayen Kabawa da Zuwan Turawa

Amfanin ribaɗi ya ƙara fitowa fili bayan 1849, lokacin da Yakubu Nabame ya tayar da tutar Kabawa daga Argungu. Tun daga nan har ƙarshen ƙarnin, in ban da 'yan shekarun zaman lafiyar da aka fi sani da Lafiyar Toga, wadda aka ƙulla a wajajen 1867, hanyar da ke tsakanin Sakkwato da Gwandu ba ta rabu da fargaba ba. Har ma Sarkin Gwandu Haliru ya rasa ransa a fagen fama da Kabawa a 1860. A irin wannan hali, garuruwa masu ganuwa su ne mafakar manoma da fatake, kuma su ne suka hana a raba hedikwatocin daular biyu da juna.

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a ranar 15 ga Maris 1903. Da zuwansu yaƙe-yaƙen suka tsaya, aikin ribaɗi ya ƙare. Bayan rikicin Satiru na 1906 aka mayar da mazaunin Sarkin Gwandu zuwa Birnin Kebbi, don haka garin Gwandu da Tambuwal ke karewa ya daina zama fadar mulki. Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Sanyinna da Kebbe suka zama gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, aikin hakimansu ya koma karɓar haraji da jangali da sasanta jama'a. A nan ne yankin ya fara ɓacewa daga idon masu rubuta tarihin ƙasa, domin abin da ya sa aka san shi, wato tsaron iyaka, ba a bukatarsa kuma.

2.6 Gidan Buhari da Sarautar Sarkin Musulmi

Idan har ana neman wani abu mai kama da bajintar kundi a wannan yanki, to ba zai wuce tsawon jiran da gidan Buhari ya yi ba. Da Sarkin Musulmi Bello ya rasu a 1837, Buhari yana cikin waɗanda aka yi zaton za su gaje shi, amma sai aka naɗa Abubakar Atiku. Daga nan sarautar ta ci gaba da zagayawa tsakanin gidan Bello da gidan Atiku, in ban da Ahmadu Rufa'i ɗan Shehu da ya yi sarauta daga 1867 zuwa 1873. Gidan Buhari bai samu ba sai a watan Nuwamban 1988, wato bayan shekara 151, lokacin da aka naɗa Alhaji Ibrahim Dasuƙi a matsayin Sarkin Musulmi na 18. An haifi Dasuƙi a Dogon Daji a ranar 31 ga Disamba 1923, kuma mahaifinsa Haliru shi ne Sarkin Yamma, hakimin garin. Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

Sai dai romon bai zo da daɗi ba. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya rasu a ranar 1 ga Nuwamba 1988 bayan shekara 50 yana kan gado, kuma jama'a da yawa sun sa ran ɗansa Muhammadu Macciɗo ne zai gaje shi. Da gwamnatin soja ta bayyana sunan Dasuƙi sai tarzoma ta ɓarke a Sakkwato, har aka yi asarar rayuka. Haka kuma sarautar ba ta ɗore ba, don a ranar 20 ga Afrilu 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta tuɓe shi ta kai shi Jihar Taraba, aka naɗa Macciɗo. Dasuƙi ya rasu a Abuja a ranar 14 ga Nuwamba 2016. Darasin da ke cikin wannan shi ne, shawarar da aka yanke a 1837 ba ta mutu ba, domin ita ce ta sa wasu suke ganin gidan Buhari baƙo ne a kan gadon, wasu kuma suke ganin an daɗe ana tauye masa haƙƙi. Wanda bai san tarihin Tambuwal ba, da wuya ya fahimci abin da ya faru a Sakkwato a 1988.

2.7 Yankin a Siyasar Zamani

A jamhuriya ta huɗu an haɗa ƙananan hukumomin biyu a mazaɓa ɗaya ta Majalisar Wakilai, wato Kebbe/Tambuwal. Daga wannan mazaɓa ne Aminu Waziri Tambuwal, wanda aka haifa a 1966, ya shiga majalisar a 2003. A ranar 6 ga Yuni 2011 aka zaɓe shi Kakakin Majalisa da ƙuri'a 252, abokiyar takararsa Mulikat Akande-Adeola ta sami 90. Ya zama Gwamnan Sakkwato a 2015. A zaɓen 2019 kuwa, bayan an sake zaɓe a wasu rumfuna, ya sami ƙuri'a 512,002, Ahmad Aliyu ya sami 511,660. Ratar ƙuri'a 342 ce kacal a cikin fiye da miliyan ɗaya da aka kaɗa, kuma tana cikin mafi ƙanƙantar rata da aka taɓa gani a zaɓen gwamna a ƙasar nan. Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen a watan Janairun 2020. Ahmad Aliyu kuma ya ci kujerar a 2023.

Abin lura a nan shi ne, a yau sunan Tambuwal ya fi zama sunan mutum a kunnen 'yan Nijeriya a kan sunan gari. Haka ma Jabo, sunanta bai shiga labaran duniya ba sai a ƙarshen Disamban 2025, lokacin da ɓaraguzan makaman da Amurka ta harba wa 'yan ta'adda a Jihar Sakkwato suka faɗo a kusa da garin. Wato ana jin sunayen garuruwan, amma ba a jin tarihinsu.

2.8 Matsalar Adana Tarihin Yankin

Wuraren tarihi biyu ne kawai na Nijeriya suke cikin jerin kayan gadon duniya na UNESCO, wato Sukur a Jihar Adamawa tun 1999, da kurmin Osun na Osogbo tun 2005. Kufan Surame ya sami matsayin wurin tarihi na ƙasa a 1964. Abin da ya taimaki waɗannan wurare shi ne suna da dutse ko kurmi da ido zai gani. Garuruwan ribaɗi kuwa da ƙasa aka gina su, ita kuwa ganuwar ƙasa in ba a yaɓe ta duk shekara, ruwan sama da masu ɗibar ƙasar gini sukan cinye ta, kamar yadda ya faru da sassa da yawa na ganuwar Kano. Saboda haka gadon irin waɗannan garuruwa ya fi zama a wurare uku: rubutattun takardun gidajen malamai, da jerin sarakuna da maroƙa da makaɗan fada ke riƙe da shi, da kuma sunayen unguwanni da ƙofofi. Dukkan ukun suna iya salwanta, takarda ga gara da gobara, baki ga mutuwa, suna kuma ga sauyin zamani.

Matsalar tsaro ta ƙara tsananta lamarin. Ta'addancin 'yan bindiga da ya faro daga Zamfara a wajajen 2011 ya bazu zuwa dazuzzukan da ke kan iyakokin jihohi, kuma idan ƙauye ya tashi, labarin kafuwarsa yakan watse tare da dattawansa. Don haka wannan bincike yana ganin ya dace Hukumar Adana Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, tare da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su haɗa hannu da hakimai wajen ɗaukar hoton takardu da naɗar muryoyin dattawa tun kafin lokaci ya ƙure.

2.9 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa ma'aunin "mafi" da ake auna wuraren tarihin Nijeriya da shi bai isa ya bayyana darajar Tambuwal da Kebbe ba. An ga yadda yankin ya kasance iyaka sau uku, da farko tsakanin Kabi da Zamfara, sannan tsakanin Daular Usmaniyya da Kabawa, a yau kuma tsakanin jihohi uku. An kuma ga yadda zaman Buhari ɗan Shehu a Tambuwal ya shafi tarihin Ilori da Oyo, ya kuma sake kunno kai a rikicin sarautar 1988. A babi na gaba za a duba tsarin sarautun gargajiya na yankin da kuma dangantakarsu da fadar Sarkin Musulmi.